Ƙwaryar Dada

Shekarun baya can, lokacin da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyata, gidanmu na Bagadaza ya koma kamar rumfar mai magani. Dada muke ce mata. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta koma maimaita sallar la'asar, har ta kai in na shiga ɗaki sai ta gyara mayafi ta yi min sannu da zuwa kamar baƙuwa. Ni kuwa autarta ce, ni ke kwana da ita.

Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Wannan maganar ce Hamma, babban yayanmu da ke GRA, ya ƙi yarda da ita sam. Ya tafi wani ƙauye ya dawo da jarkar jiƙo, da sassaƙen hayaƙi, da wani gari da ake lasa da zuma. Ban ƙi ba wallahi, ni ma ina so uwata ta dawo. Ni ce ma mai fifita garwashin, ina tari ina hawaye, har a wurin aiki ana tambayata ko na fara gasa masara ne.

Dokar maganin ce ta tsaya min a wuya. Mai maganin ya ce muddin tana sha, kada nono ya taɓa bakinta, wai yana karya shi. Nono fa! Matar da aka haifa a ruga, wadda tun da na yi wayo azahar ba ta taɓa wucewa ba ta dama fura da kindirmo da hannunta ba. Duk abin da ta manta, wannan bai ɓace mata ba. Na faɗa wa Hamma, ya ce in daina gardamar 'yan boko, sai ka ce shi ba da bokon yake cin abinci ba. Ya sa aka ɗora ƙwaryarta da ludayi a saman kabad, ya hana mai tallar nono shigowa gidan.

Dada ta daina cin abinci. A kawo tuwo ta kau da kai, a kawo shinkafa ta ture. Azahar na yi sai ta kama zagaye tsakar gida tana laluben abin da ta kasa faɗin sunansa. Ta rame har zani yana zame mata. In na kira Hamma sai ya ce ai ciwon ne ke fita, in ƙara haƙuri. Shi dai ya zo ran Juma'a, ya ɗaga jarka ya ga ta ragu, ya shiga mota. Takaici kamar ya kashe ni.

Ranar da na iske ta tana juya hannu cikin kwanon da babu komai, na ce to magana ta ƙare. Na sauko da ƙwarya, na sayo kindirmo da fura na ajiye a gabanta. Ban nuna mata komai ba, hannunta ya san aikinsa. Ta dama, ta sha sosai, sannan ta zuba saura a kofi ta rufe da faifai. Daidai nan Hamma ya yi sallama, ya ga ƙwarya, ya buɗe baki zai fara faɗa. Dada ta riga shi.

"Kada wanda ya taɓa wannan. Na autata ne, yanzu za ta dawo daga makaranta da yunwa."

Ina tsaye a gabanta ta faɗa. Hamma ya ɗauki jarkarsa ya kai mota.

Dada ba ta warke ba, amma ta ci gaba da cin abincinta har Allah ya karɓi abarsa. Ba na zagin maganin gargajiya, da shi muka tashi. Sai dai yanzu kafin in tambayi abin da magani zai dawo da shi, ina fara tambayar abin da zai raba mutum da shi. Har yau in na tuna makonnin da muka bar ta da yunwa, raina ɓaci yake.

Furar nan kuwa sai da ta yi barci na shanye ta a bayan ƙofa, don da na miƙa hannu cewa ta yi baƙuwa ta yi haƙuri, mai ita na hanya.