Abin da na faɗa wa surukina ranar biko

Wata goma sha ɗaya ban rubuta komai a wannan shafin ba. Masu cewa na tafi ci-rani Najeriya, ina nan Madarumfa. Ciwo na yi, na ƙwaƙwalwa.

Da rashin barci ya fara. Na duba littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana: kwana tara a jere rubutuna yana ƙara girma, yana tsallake layi. A aji ina ta zuba, ɗalibaina suna kallona.

Yayana Sani ya kai ni asibiti Maradi. Aka ɗebi jini, aka yi ta tambayoyi, aka kwantar da ni sati uku. Likita ya ce, “Ciwo ne mai ɗaga mutum sama, ya kuma kayar da shi. Yana da magani, amma ba a barinsa.”

Na bar shi. Da na ji sauƙi, kunyar a gan ni a kantin magani ta ishe ni, na daina sha ban gaya wa kowa ba. Bayan sati biyar na farfasa tukwanen matata Hadiza, ina zaginta gaban maƙwabta. Ta tafi gidansu a Gabi, ni aka mai da ni asibiti.

Da na fito muka shirya biko. A hanya Yaya ya ce, “Ka ce iska ce. Kowa ya san ta kama Baffa Idi a shekarun saba'in har aka sa shi a turu. Iska ba laifin kowa ba ce, yau za su ba ka matarka.”

Na yi ta juya maganar har muka sauka. Ni ko takalmi zan saya sai na yi shakka.

A zaure surukina ya ce, “Malam Habu, mun ji abin da ya same ka. Ikon Allah ne.”

Na ce, “Baba, ciwon ikon Allah ne. Barin maganin kuwa ni na yi, da hankalina. Ga takardar likita, ga ƙwayoyin. Zan ci gaba da sha, mai kirana mahaukaci ya kira.”

Yaya ya taka mini ƙafa. Tsohon ya daɗe yana juya kwalin maganin, sannan ya ce a kira Hadiza, tunda ita aka zaga.

Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Da ka ce iska ce, da ban koma ba. Wa ya san ranar dawowarta? Wannan kuwa ina iya sa ido.”

Ba ta biyo mu ba. Ta ce sai ta ga na yi wata biyu ina shan maganin.

Larabar da ta wuce ta dawo.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan asibiti, da Yaya, wanda har yau yake cewa wauta na yi.

Wanda aka rubuta wa magani ya sha. In yana sa ka kasala ko rawar hannu, koma wurin likita ya sauya, kada ka yanke da kanka. Ni kullum bayan kunun safe nake shan nawa, a tsakar gida, ƙofa a buɗe.