Robar da Na Buɗe Ba Ta Nuna Ba

Lokacin ina ɗan shekara ashirin, na watsar da college, ba abin da na iya sai tsokana da yawon Stratford a nan Landan. Wani dattijo ɗan garinmu da muke sallar Juma'a tare a Old Kent Road, Kawu nake ce masa, shi ya tsaya mini na samu aiki a kamfanin roba inda yake supervisor. Allunan roba muke yi, waɗanda ake yanka tayoyin keken guragu da su.

Kullum sai ya yi mini karatu. Wai narkakkiyar roba a ciki kamar taliya take, a cukurkuɗe. In inji ya danne ta da ƙarfi tana hucewa a hankali, zaruruwan cikinta sai su miƙe su jeru kamar sahun sallah, su daskare, shi ne ƙarfinta. In ka sassauta da wuri, waje sumul, ciki ruɓus. Ni kuwa sai in ce masa Farfesan Tuwo, ai ko tukunyar pressure ta Mama a ƙarƙashin famfo muke sa ta mu buɗe, nama bai taɓa kai ƙara ba. Ya yi dariya, ya ce in dai bar injin ya cika lokacinsa.

Wata Asabar abokai na jirana kallon ƙwallo. Na sassauta injin saura minti arba'in. Allunan suka fito fes, Kawu ya sa hannu a takarda ba tare da ya duba ba, don ya yarda da ni. Na ga dabarar ta yi, sai na mayar da ita ɗabi'a.

Da tayoyi suka fara tsagewa, har wata tsohuwa ta kife a bakin titi, aka bi takardu. Sunan Kawu aka gani. An tara mu ana tambaya, bakin nan nawa da ba ya hutawa ya mutu murus. Aka sallame shi bayan ya yi shekara sha shida yana musu aiki. Yanzu delivery yake yi, kai wa mutane kaya gida-gida, da ciwon gwiwa.

Wallahi na gaji da ɗaukar abin nan. 'Yan uwana masu wayon gajerce hanya, wanda ya tsaya muku shi zai biya. Har yau duk Juma'a Kawu yakan ja hannun rigata ya daidaita ni a sahu, bai taɓa ce mini komai ba. Na san ya sani.