Gonar da Baba Bai Fitar wa Hanya Ba

Da daminar bana mahaifina ya cika shekara goma sha huɗu a ƙasa. Sunansa Malam Haruna, amma a garinmu, can tsakanin Panshekara da Zawaciki, Haru mai jakai ake ce masa. Na san babu wanda ya san shi a cikin masu karanta jaridar nan. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai gina masallaci ba, noma kawai ya yi har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, gonar da ya bar mini tana nan, tawa ce, babu mai jayayya da ni a kanta, amma ba ni da ta inda zan shiga. Kuma wakena yana ciki.

Gonar Baba guda ɗaya ce, babba, ta kama daga bakin hanyar gari ta miƙe gabas. Da rani ba ya zama. Jakansa suna kan hanyar birni kullum, su tafi da itace su dawo da taki a mangala, ya bi gonar yana zubawa tuli-tuli. In an cire amfani kuma ya bar wa Fulani su sauke shanunsu a tsakiyarta har sai ruwa ya kusa. Shi ya sa ƙasar tsakiyar ta fi ko'ina baƙi da laushi. In ka tsaya a wurin a wancan lokacin kana hango tankunan kamfanonin Challawa, babu komai tsakaninka da su sai dawa da bishiyoyin ɗorawa. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Baba bai tsani kamfani ba. Ni kaina da na bar makaranta a majema na samu aiki a can Challawa, shi ya raka ni har bakin ƙofa. Sharaɗinsa ɗaya ne, in na tashi daga aiki in biyo ta gona.

A shekararsa ta ƙarshe, da ya ji jiki ya fara ƙi, sai ya tara mu a gonar ya ce zai raba mana da ransa don kada a yi surutu a bayansa. Mu huɗu ne: Yaya Sabo, ni, ƙanina Musa, da autarmu Ladidi. Liman yana wurin, da wakilin mai gari. Yaya ya samu bakin hanya, Musa arewa, Ladidi kudu. Gabas kuwa gonar maƙwabcinmu ce. Ni aka ba ni tsakiya. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, “Ado, kai ne manomin gidan nan. Na sa ka a inda akuya ba ta kaiwa, mai wucewa ba ya karya maka zangarniya.” Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Wakilin mai gari ne ya yi gyaran murya ya ce, “Malam Haru, ba za a fitar wa na tsakiya hanya ba?”

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce, “Hanya kuma? Tsakanin wa da wa? Fata kake yi musu su daina gaisawa?”

Yaya ya yi dariya ya ce, “Ku rabu da shi, Baba. Ado ko ta kaina yake so ya bi, ya bi.”

Aka shafa fatiha aka watse. Kada wani ya ce Baba sakarci ya yi. Haka kowa yake yi a lokacin. Tsakanin gona da gona akwai iyaka, an dasa gamba a kanta, ita kowa yake bi, har jaki da kaya. Ba a taɓa jin wanda aka hana bin iyaka ba. Mutum ya sa igiya ya yanka hanya a tsakanin 'ya'yansa kuwa, kamar ya faɗa wa gari ne cewa bai yarda da tarbiyyar da ya yi musu ba. Baba bai san za a yi zamanin da iyaka za ta zama bulo ba.

Bayan rasuwarsa gari ya taho. Ba da hayaniya ya taho ba, da dillalai ya taho, masu babura da igiya a ɗaure a baya. Maƙwabcinmu na gabas ne ya fara sayarwa. Musa ya bi, ya sayi mashin mai ƙafa uku ya koma Hotoro. Ladidi mijinta ya yi mata magana, ita ma ta saki. Yaya ne ya daɗe yana riƙe da nasa, sai da masaƙar da yake aiki a Sharaɗa ta rufe ya zauna ba aiki, ga iyali cike da gida. Ban zage shi ba ranar da ya sayar, yau ma ba zan zage shi ba. Ya ce mini ya gaya wa dillalin cewa ƙaninsa ta nan yake wucewa, dillalin ya ce ai ba komai. Da baki aka faɗa, da baki aka amsa. Aka yi awon igiya, aka yanka fuloti-fuloti har jikin gambata. An fitar da layuka saboda masu gidaje su shigar da motocinsu, amma duk layin da ka bi a bayan ɗakin wani yake ƙarewa. Fuloti ɗaya ne a tsohon kason Yaya ya zauna ba a gina ba, ta nan nake ratsawa duk shekarun nan.

Da Baba zai leƙo ya ga yadda ake noma a cikin katanga, ban san me zai ce ba. Gidajen da suka kewaye ni duk sun juya mini baya, kuma kowa ya huda katangarsa ta ƙasa ya sako mini ruwan wanki. Abin da ake jefowa ta sama ba zan rubuta shi a jarida ba. Kafin in yi huɗa sai na yi kwanaki ina tsince leda. Shanun huɗa ba sa shiga, amalanke ba ta shiga, taki a buhu nake ɗauka a ka, ni da furfurata. Shekarar da na shuka gero, tsuntsayen da a da suke rarrabuwa a gonakin gari duka sai suka taru a kaina ni kaɗai, suka bar mini kara. Na koma dawa, sai ga 'yan kwamitin unguwa har gida, wai dawa tana tara sauro, kuma ɓarayi suna iya ɓuya a ciki. Mutanen da suka zo jiya su ne suke gaya mini abin da zan shuka a gonar ubana. Na haƙura na koma wake da gyaɗa, abin da ba ya tashi sama ya tsone wa kowa ido.

Bana, bayan na yi shuka, na zo da safe na tarar an sauke yashi da bulo a fulotin nan. Mai shi wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mutum mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Na gaishe shi na ce, “Alhaji, ta nan nake shiga gonata. Ko taku biyu ne ku bar mini ta gefe.”

Ya ce, “Malam Ado, ni fuloti na saya cikakke, ba a ce mini da hanya a ciki ba. In na rage, ɗakin ba zai fita ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Me zai hana ka sallama mini wurin kawai ka huta? Noma a tsakiyar gari ai wahala ce.”

Na ce, “Ba ni na shigo gari ba, Alhaji. Gari ne ya same ni.”

Ya yi dariya ya ce in yi tunani. Ya san abin da na sani. Filin da ba shi da hanya babu mai sayensa sai wanda ya jingina da shi, kuma yadda ya ga dama zai taya.

Na je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri za a zauna. Har yau ana zaman. Na je wurin liman, ɗan wancan limamin da ya shaida rabon, ya ce a shari'a ina da haƙƙin hanya, babu shakka. Amma ya ce in na kai ƙara, Alhaji zai kira dillali, dillali zai kira wanda ya sayar, ƙarshenta Yaya Sabo za a tsayar a gaban alƙali a tambaye shi don me ya sayar da hanyar ƙaninsa. Yaya kuwa hawan jini ya taɓa masa ɓari ɗaya, sai an riƙe shi yake kaiwa masallaci. Na je na same shi a zaure na gaya masa komai. Ya ce da bakinsa da ya karkace, “Kai ni gaban alƙalin, Ado. A ɗauke ni a kujera a kai ni. Ni na ce ka bi ta kaina.” Na ce, “Yaya, sha kununka.” Na tashi na fito.

Ranar da aka rufe wurin ina cikin gona ina maimai. Ginin ya riga ya tashi ta ko'ina, sai ɗan gurbin da leburori suke wucewa ta baya. Birkilan ya leƙo ya ce, “Baba, za ku fito ne ko mu rufe da ku?” Wasa yake yi, yaran suka yi dariya. Na tsaya da fartanya a hannu na dubi katangun nan huɗu. Na yi tunanin in zauna a kan kunya in ce su rufe. Sai na tuna ina da aiki da yamma a majema, in ban je ba a sa wani. Na saɓa fartanyata na fito ta gurbin, suka ɗora bulo a bayana.

Na gwada tsani sau ɗaya ta bayan wani gida. Ina kaiwa sama matan gidan suka sa ihu, don daga can ana ganin tsakar gidansu. Suna da gaskiya. Ni ma ba zan yarda ƙato ya leƙa mini gida ba. Na sauko na ba da haƙuri.

Ga tambayar da nake so masu iko su amsa mini, tunda su suka yi karatu. Lokacin da aka so kafa kamfanoni an san yadda aka zo aka auna Bompai da Sharaɗa da Challawa, aka ce nan na masana'anta ne, kada kowa ya taɓa. Yau ka zaga can ka ga yawan kamfanonin da suka mutu, katanga har katanga, ciyawa ta fi mutum tsayi a ciki, maigadi ɗaya yana gyangyaɗi a ƙofa. Wannan filin ana tsaronsa ko da ba ya fitar da komai. Gonar da take fitar da abinci kuwa babu wanda ya taɓa zana mata layi ya ce gini ya tsaya a nan. Kowa ya ce mutane sun yi yawa, dole su samu wurin kwana. Na yarda, ni ma 'ya'yana wurin kwana suke nema. To in sun kwana sun tashi, me za su ci? Fadamar da muke kamun kifi muna yara an cike ta da shara an gina, yanzu duk damina ruwa yana shiga ɗakunan mutanen suna zagin gwamnati. Ɗorawar da iyayenmu mata suke daddawa da ita an sare, an yi gawayi. Har yanzu akwai sauran gonaki a bayan kogin Challawa da can gaba da Zawaciki, na ga baburan dillalai sun fara zuwa. In ba a tsaya an ce wannan yankin na noma ne ba, da doka, ba da baki ba, shekara kaɗan za a sake samun wani Ado yana rubuto muku.

Ku kuma manoma 'yan'uwana da kuke shirin raba wa 'ya'yanku, ku fitar da hanya. Ku sa igiya, ku kira shaidu, ko da za a ce kun yi wa zuri'arku mugun fata. 'Ya'yanku ba za su yi gaba ba, sayarwa za su yi, kuma wanda zai saya ba ɗanku ba ne.

Ina zama ina auna abin da ya rage na Baba. Jakai sun ƙare, gambar iyaka tana ƙarƙashin siminti, sunansa ma masu gidajen nan ba su taɓa ji ba. Abu biyu na gani. Na ɗaya, abin da ya dasa a tsakaninmu ya kama, don ga shi na kasa kai Yaya gaban alƙali, shi kuma yana roƙona in kai shi. Baba ya yi gaskiya, ba mu daina gaisawa ba. Da wannan gaskiyar tasa aka kulle ni a waje. Na biyu ita ce ƙasar. Wani mai gyaran tankin ruwa da ya hau saman ɗaya daga cikin gidajen ya ce mini bai taɓa ganin wake ya yi kyau irin wannan ba, ya rufe ƙasa ruf, ko ciyawa ta kasa cin ƙarfinsa. Takin da Baba ya yi shekaru yana zubawa bai san an yi katanga ba.

Nan da 'yan makonni waken zai bushe. In ba a yi roro ba, kwanson zai fashe da kansa ya zube a inda yake. Baɗi in ruwa ya sauka wani zai tsiro, ko ina nan ko ba na nan.

Allah Ya yi muku rahama, Baba, Ya yalwata muku makwanci. Ku dai Allah Ya sa ba a matse ku ba.