Mai Shanya Labari a Igiya

Shekara goma sha tara ke nan, kullum rana na ɗagowa, mutumin da ke zaune a ɗakin bakin ƙofar gidana zai fito da igiya a kafaɗa. Ya ɗaure bakinta ɗaya a ƙarfen taga, ɗayan a ginshiƙin baranda, ya ɗauko gwangwani cike da abin matse wanki. Amma ba riga yake shanyawa ba. 'Yan kwalaye ne kamar tafin hannu, kowanne da rubutu. Farkon zuwansa na rantse wa maƙwabta boka na saka a gida. Sai daga baya na gane gyaran labarin fim yake yi. Kowane kwali fitowa ɗaya ce a cikin fim, shi kuwa yana tsaye yana kallonsu kamar mai duba haƙoran akuya. Shi ya sa unguwa ke ce masa Mai Igiya.

Yau kwana shida igiyar ba ta fito ba. Likita ya ce idonsa ya gaji, Litinin za a yi masa aiki, ko ya warke ma ya rabu da ƙananan rubutu. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na ce kafin a rufe masa ido da bandeji sai na faɗa wa duniya ko shi wane ne, tunda sunansa bai taɓa hawa fim ba. Marubuta su kawo masa labari yana ɗingishi, ya miƙar masa da ƙafa, su tafi su sa sunansu.

Ni ce ma'auninsa, ba yabon kai ba. In ya gama jera kwalaye, sai ya ja mini kujera ya fara karantowa, ya tsaya a tsakiya ya ce me zai faru gaba. In na ce ai yanzu uwar za ta faɗi sumammiya, kuma ya duba ya ga haka aka rubuta, sai ya cire kwalin ya jefa a kwando. Yakan ce, “Iya, abin da kika canka, duk gari ya canka.” Ni kuwa shekara nawa ina bin ƙwaƙƙwafin gidajen mutane, me zai gagare ni?

Amma akwai kwalaye uku da ba ya taɓawa: na farko, na tsakiya, na ƙarshe. Mutum ya fita, ya sha wuya, ya dawo da wani abu a hannu ko a zuciya. Yana cewa murhu duwatsu uku ne tun kakanni, wanda ya cire ɗaya don a ce ya kawo sabon abu, tukunyarsa ce za ta kife. Abin cikin tukunya ake canzawa. Mai askin tsallaken titi shaida ne, a gabansa wani marubuci mai ɗaurin wuya ya kawo labarin da ya kwafo daga fim ɗin wata ƙasa, ya sauya sunaye kawai. Mai Igiya ya mayar masa da takardunsa ya ce aron murhu halal ne, amma shi har da miyar mutane ya ɗauko. Mutumin ya tafi yana huci, bayan mako biyu ya dawo da hula a hannu.

To, abin da ya sa nake wannan rubutu, jikata ce. Ta bar aikinta na kantin magani ta ce ita marubuciyar fim za ta zama. Ubanta, ɗana na biyu, mai zuciya kamar fetur, ya ba ta dama ɗaya tak: in daraktan fim ya ƙi labarinta kwata-kwata, ta koma kanti, littattafanta kuma a ƙone su a tsakar gida. Labarin na wani direba ne da ya bar matarsa shekara tara ya dawo. Darakta ya karanta shafi biyar ya ce ya ga irinsa sau ɗari. Tsoro ya kama yarinya, ta koma ta birkita komai don kar a ce ta kwafa: ta fara daga ƙarshe, ta sa dawowa kafin tafiya, har ni da na san kowa a labarin na rasa wa ya mutu wa ke da rai. Darakta ya ce ranar Alhamis ce ƙarshe, bayan haka zai ba wani marubuci aikin.

Ranar Litinin ce, saura kwana uku Alhamis ɗin, kuma a makon ne likita ya hana Mai Igiya karatu. Na sani sarai. Na tsaya a ƙofarsa da labarin jikata a hannu, ina murza bakin zane. Ya dube ni da idon nan mai ruwa-ruwa, ya shiga ya ɗauko igiya.

Abu na farko, ya sa ta mayar da duwatsun murhu inda suke. Jikata ta ce ai wannan ne darakta ya ƙi. Ya ce ba tafiya da dawowa darakta ya ƙi ba, abin da ta zuba a tsakani ya ƙi. Aka zaunar da ni. Direba ya dawo da sabuwar mota? Na canka. Matar ta fashe da kuka? Na canka. Ya durƙusa ya nemi gafara? Na canka tun kafin a gama tambaya. Kwando ya cika, igiya ta rage kwali uku suna lilo, ga Laraba ta kawo kai. Jikata ta daina cin abinci, ni kuma na fara tsine wa bakina.

Sai Mai Igiya ya juyo gare ni ya ce, a duk tsegumin da na tara, na taɓa ganin mijin da ya dawo da gaske? Ba na fim ba. Na ce to, akwai wata mata. Mijinta ya fita da safe, ya ce in ya dawo zai gyara ƙyauren ɗaki da ya saki. Shekara tara. Ranar da ya dawo, a ƙafa, da jaka ɗaya, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko guduma da ƙusoshi uku da ta ƙulle a tsumma, ta miƙa masa ta ce, “Ƙyauren yana jiranka.” Ya tsuguna yana bugawa, ƙusa na lanƙwashewa, yara na leƙe ba su san ko wane ne ba.

Mai Igiya ya kawo kwali dab da hancinsa, ya rubuta da kansa, hawaye na zuba daga idon mai ciwo. Ya ce wa jikata ta gina tsakiyar labarin a kan ƙyauren nan: shekara tara matar na tokare shi da dutse, maƙwabta na cewa a kira kafinta, tana ƙi.

Ranar Alhamis na kasa zama, na share tsakar gida sau uku. Uban yarinyar ya zo ya zauna yana kaɗa ƙafa, har da ashana a aljihu don ya tsorata mu. Da la'asar jikata ta dawo daga wurin darakta. Ta ce darakta yana karantawa yana danne-dannen waya kamar yadda ya saba, da ya kai kan guduma sai ya kife wayar a tebur. Ya ce tsohon labari ne, amma wannan matar bai taɓa ganinta ba. Ya karɓa. Ɗana kuwa da ya ji zancen ƙusoshi uku, ya dube ni ya daɗe, ya fita waje yana gyaran murya. Yana cikin yaran da suka yi leƙe.

Eh, ni ce matar. Shekara arba'in ina yaɗa sirrin mutane, nawa ban taɓa faɗa ba. Mai Igiya ya gane tun a ranar, na ga haka a yadda ya sunkuyar da kai, amma ko jikata bai gaya wa ba.

Mai Igiya, kai ne mai gyaran kayan wasu, a yaba musu kana gefe. Kai ne ka kashe ragowar hasken idonka a kan 'yar mutane, ba ka jira godiya ba. Na gode, na gode. Allah ya sa hannun likita ya yi sanyi. Ina tsoron Litinin, ban ɓoye ba, kuma ina tsoron ranar da za a rasa mai cire kwali ya jefa a kwando.

Ku masu rubuta fim, ku bar duwatsun murhu inda kuka same su. Ku daina leƙen tukunyar wasu, ku je ku zauna kusa da tsohuwar gidanku ku ja ta da hira, akwai abin da ta ƙulle a tsumma.

Jiya Mai Igiya ya kira jikata ya miƙa mata igiyar da gwangwanin. Na ce masa kar ya yi gaggawa, kunne ai bai tsufa ba: ita ta karanto, ni in canka, shi ya yanke hukunci. Ya yi dariya. Na dai bar kujerarsa a baranda, kuma duk wanda ya taɓa ta zai ji bakina.