Dabinon da Na Tauna wa Jaririyar Maƙwabcina

Edita, na daɗe ina riƙe da wannan magana a ciki. Yau na ga gara in faɗe ta, ko Allah zai sa wani ya tsira.

Ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata lokacin da aka kwaso mu daga Legas zuwa Abuja. Gidajen cikin gari na su oga ne, irinmu kuwa sai Nyanya, kullum a cunkoson hanya. A gidan hayar da na kama ɗaki ni ke jan sallah, shi ya sa ake ce mini Malam, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana fasa mini kai. Maƙwabcina mutumin Katsina ne mai shago a bakin tasha, mutum mai kunya da girmama na gaba. Yaya yake ce mini.

Tun ina saurayi, duk lokacin da na yi zazzaɓi ko na sha rana da gajiya, sai gefen leɓena ya fara ƙaiƙayi, sannan wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe, su bushe. A wurinmu murna ma ake yi, a ce zazzaɓi ne ya fita ta baki. Man goge baki nake shafawa in ci gaba da harkata.

Ranar da matar maƙwabcin nan nawa ta haifi 'yar fari, da hantsi ya zo mini da dabino a hannu. Ya ce iyayensu suna nesa, ba shi da babba a garin nan sai ni, yana so in tauna in shafa wa jaririyar a baki don neman albarka. A ranar ƙurajen nan suna ɗanye a leɓena. Na ji su, na kuma ji daɗin girman da aka ba ni. Na tauna, na sa mata da yatsana, har na sumbace ta a goshi.

Bayan suna da kwana biyu, bororo ya fito mata a baki da gefen ido. Matan gida suka ce ƙurajen zafi ne, aka yi ta barbaɗa hoda ana shafa man kaɗanya. Sai da ta ƙi kama nono, jikinta ya yi zafi, na roƙi direban ofishinmu ya kai mu asibiti. Likitar ta yi faɗa a kan jinkirin. Ta ce ƙwayar cuta ce da ke kwance a jikin manya da yawa, ba ta yi musu komai sai ƙurji a leɓe, amma tana iya kashe jariri. Sannan ta tambaya ko wani mai irin ƙurjin ya sumbaci yarinyar ko ya sa mata wani abu a baki. Uban ya ce babu. Ƙurajena sun riga sun warke, ina tsaye a bayansa, ban ce uffan ba. Tsoro ne da son girma, ba wani abu ba.

Makonni aka yi ana sa mata magani ta jijiya. Ta rayu, amma idonta na hagu ya tafi. Ba na cewa dabinon ne ke da laifi, bakina ne, kuma da na ce a bari sai na warke da babu wanda zai zarge ni.

Jama'a, ƙurjin leɓe yana yaɗuwa ta yawu da taɓawa, tun daga ranar da ya fara ƙaiƙayi. Idan kana da shi, ka nisanci fuskar jariri, ka wanke hannu, ka nemi maganinsa wurin likita. Idan kuka ga bororo a jikin sabon haihuwa, ku tafi asibiti a ranar. In kuma likita ya yi tambaya, ku faɗi gaskiya komai nauyinta. Ni na yi shiru. Mahaifin yarinyar nan ya rasu bara, kuma har ƙarshen ransa yana gaya wa mutane cewa ni ne na ceci 'yarsa.