Tsakuwar da na tara a gwangwanin madara

Shekarar da maigidana ya samu aiki a matatar mai ta Jidda muna haya a unguwar Nuzla, ɗaki biyu. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, ban iya ganin abu in kau da kai ba.

Wajen wanki na fara ganinsu a naɗin ƙafar wandonsa: 'yan ƙwayoyi masu ruwan toka, ba su kai gero biyu ba. Yau uku, gobe biyar. Na shinshina, babu wari. Na ce to, mutumin nan ya fara shan ƙwaya ke nan, shi ya sa yake dawowa idanu jajur. Na riƙa tarawa a ɓoye a gwangwanin madara har wata huɗu.

Da na gaji da zargi, na kai wa wani maƙerin zinari a kasuwar Balad, don na ji suna da ƙarar tsakuwa. Ya murza, ya ɗiga musu wani ruwa, ya daɗe yana kallona.

"Hajiya, ina mijinki yake aiki?"

Da bakina na faɗa masa. Ya ce in na samu wasu in kawo, zai saya. Na kwashe kayana na dawo gida.

Bayan la'asar na dire gwangwanin gaban maigidan. "Malam, mene ne wannan?"

Wallahi shayin hannunsa sai da ya zube. Ya ce da su ake tace fetur, akwai balatin a jikinsu, ƙarfen da ya fi zinari tsada. In sun gama aiki shi ke shebur ɗinsu cikin ganguna, a auna, a liƙe, a tura ƙasar waje a narke da ruwan asid. Ganga guda ba ta ba da cikin finjalin shayi. Wanda aka kama da ko ɗaya, halas, shi ke nan, aiki da iƙama, takardar zaman ƙasar, sun tafi.

"Wa kika nuna wa?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi.

Washegari ya ɗauki gwangwanin ya kai wa shugabansa da kansa, kafin maƙerin ya riga shi magana. Ba su kore shi ba. Na yi ta hamdala, har na dafa shinkafa da kaza.

Sai bayan rasuwarsa wani abokin aikinsa ya gaya mini: tun daga ranar, kullum in an tashi, shi kaɗai ake tsayarwa a ƙofa, ya cire takalmi, a zazzage wandonsa a gaban kowa. Shekara tara yana dawowa gida yana ce mini aiki lafiya.