Gwangwanin Waken Mama

Jiya ina tsince wake sai marigayiya uwar mijina ta faɗo mini a rai, har da haushin da take ba ni.

Mama ba ta yi karatu ba, sai ta ajiye gwangwanin madara. Duk ɗan cocinmu da ya kawo mata kukansa, ta jefa masa ƙwayar wake ɗaya a ciki. Kafin a ci abinci sai ta zazzage su a cinya, ta bi kowa da suna tana addu'a. Sakwara ta huce, miyar agushi ta daskare, muna ta haɗiyar yawu. Kuma ba ta cire kowa. Wani malami a Doma ya warke har ya yi ƙiba, amma wakensa na nan.

Wata rana na juye gwangwanin a tukunya, kuma da gangan na yi. Da ta ga wayam ta ce, "'Yata, kin dafa mini mutane?"

Na ce, "Mama, ai Allah ya ji tun bara."

Ta ce, "Shi ya ce miki in daina?"

Ta ɗebo tsakuwa ta sake jera su da ka. Ta farko da ta ajiye, sunana ta kira. Ashe tun ɓarin cikin da na yi nake cikin gwangwanin.

Yanzu yana ɗakina, kuma matan zumuntar cocinmu sun ƙi daina zuwa da kukansu. Mama, kin bar mini aiki. Ubangiji ya hutar da ke, ya ba ni rabin nacinki, don yau ma sakwarata ta huce.